Bindigar Yayana a Cikin Tukunya

Ni maƙeri ne, ɗan maƙeri. A Turba aka haife ni, kuma a nan nake ƙira har yau. Abin da na sani a duniya bai wuce ƙarfe ba. Shi ya sa in zancen bindiga ya taso a rumfata ranar kasuwar Isa, sai wani ya juyo ya ce mini, "Maƙeri, kai da kat taɓa riƙon irin ta hannun ga mai ƙarhe zalla, tana da kyau kuwa?" Nakan yi kamar ban ji ba, in ci gaba da jera laujuna. Ina da amsa, har ta yi mini yawa, amma na san in na buɗe baki ba za a rabu da daɗi ba. Yau na ga gara in rubuta, ko zuciyata ta rage tafasa.

Mu biyu maza mahaifinmu ya bari, ni da yayana. Ni na gaji maƙera. Shi tun yana saurayi ya ce zafin wuta bai karɓe shi ba, ya kama noma da damina. Da rani kuma ya ɗaure wake da barkono a bayan babur, ya bi ta Burkusuma ya tsallaka Nijar, ya dawo da dabino da kanwa. Mutum ne mai fara'a, mai saurin kyauta, kuma mai taurin kan da ban ga na biyunsa ba. In ya ce zai yi abu, ko gari ya taru a ƙofarsa sai ya yi.

Mahaifinmu ya bar mana gona a tudu, bayan wani kwari da ruwa ya ci. Ita ce ta ciyar da gidanmu tun kafin a haife mu. Geronta in ya yi kai, sai mai wucewa ya tsaya ya kalla. Da mutanen daji suka matsa mana, wato ɓarayin nan masu babura da manyan bindigogi, duk masu gona a bayan kwarin suka janye. Damina biyu gonarmu tana kwance, sabara da ciyawa suna cin ta. Ni na haƙura. Yayana bai haƙura ba. Kullum in ya zo maƙera ya zauna, ko da zancen me aka fara, a gonar tudu ake ƙarewa.

Wata safiya, ana gab da faɗuwar ruwan farko, ya shigo maƙera da wani ƙunshi a cikin tsohon rawani. Ya leƙa waje, ya ga babu kowa, ya ɗora shi a kan uwar maƙera ya kwance. Bindiga ce ta hannu, baƙa, babba. Na tambaye shi inda ya samo ta. Ya ce a can bakin iyaka, kuma da sansa na noma ya musanya ta, ɗaya daga cikin biyun da yake huɗa da su. Na buɗe baki zan yi faɗa, ya ɗaga mini hannu.

"Tsaya, Maƙeri. Ba a gama ciniki ba," in ji shi. "Na hwaɗa ma mai ita ina da ƙane wanda yas san ƙarhe. In kac ce ba ta da kyau, za ni maishe ta ran kasuwa in amso sana. In kac ce tana da kyau, bana za ni noma gonat tudu."

Da ina da hankali, da ban ma taɓa ta ba. Da na ce masa ƙarfen banza ce, a rufe zancen. Amma na ɗauka, kuma tun da hannuna ya ji ta na san na shiga uku. Ban taɓa riƙe aikin ƙarfe irin wannan ba. Daga baki har gindi ƙarfe ce zalla, ban da 'yan katakai biyu da aka ɗaura a mariƙinta. Tsawonta ya wuce ɗani guda, nauyinta ya kai na ƙaramar masabata. Na girgiza ta a kusa da kunnena, ban ji ko ƙwas ba, kowane ƙarfe ya zauna daram a kan ɗan'uwansa. Na bi gefenta da farce ina neman inda magagari ya kauce ko inda aka yi ha'inci, ban samu ba. Ni da na tsufa ina dukan ƙarfe, sai na ji kunyar aikina.

Ba irin ta maharbanmu ba ce, wadda za ka ɗura albarushi, ka cusa tsumma, ka daka, ka harba sau ɗaya ka ruga. Wannan harsasanta a jere suke cikin wani gida da ake turawa ta ƙasan mariƙi. In ka harba, samanta ya ja baya da kansa, ya tofar da kwanso, ya ɗauko wani harsashin ya kai baki. Kai dai naka jan kunama. Yayana ya ce mai ita ya nuna masa wata mai jikin roba, marar nauyi, shi ya ƙi ta. Wai shi ɗan maƙera ba zai riƙe bokiti ya ce makami ne ba.

Muka gangara cikin kwarin da hantsi, muka kafa wani tsohon gwangwani a jikin gaɓa. Ya harba ɗaya, ya ba ni na harba ɗaya, don harsashi ba abin wasa ba ne. Na zaci za ta fizge mini hannu kamar yadda ta maharba ke dukan kafaɗa. Ko kusa. Nauyin nan nata shi ya danne ta, ta ɗan ɗaga kai ta koma inda take. Tsawonta kuma ya sa ido yana samun abin bi daga baya zuwa baki. Ni da ban taɓa harbin ko kurciya ba, na huda gwangwanin. Muka tsaya muna dariya kamar waɗanda aka yi wa bushara.

Ya ce, "To, mi kag gani?"

Na ce, "Yaya, tunda nike ban taɓa ganin ƙarhe mai kyau awa wanga ba. In an kula da ita, jikokinka ma sai su gaje ta."

Ya naɗe ta a rawaninsa, bai sake zancen karɓo sansa ba.

Aibinta na farko bai ɓuya ba ko na kwana biyu. Abin da ya sa ta zauna lafiya a hannu, shi ya hana ta zama lafiya a jiki. Ya soke ta a tazugen wando, ta ja wandon ƙasa, sai ga yayana yana tafiya da hannu ɗaya a ƙugu kamar mai ciwon baya. Ya sa ta a aljihun riga, rigar ta karkace gefe ɗaya, kwana uku aljihun ya yage. Wata rana a masallaci ya sunkuya ruku'u, muka ji ƙum a kan tabarma, duk sahun suka yi kamar ba su ji ba. Daga baya baduku ya ɗinka masa gidan fata da yake ratayawa a ƙarƙashin riga, amma girmanta bai bar ta ta ɓuya ba. Kafin mako ya zagayo, matan da ke bakin rijiya ma sun san wane gefe take. Abin da aka sayo don a ɓoye, ya zama abin da ake yi masa barka da shi a hanya. Ya daina shiga Isa da Sabon Birni da ita, don ya san ba shi da takardar riƙe ta.

Aibi na biyu ni na fara ganinsa. Duk inda yatsansa mai gumi ya taɓa, washegari sai ka ga wurin ya yi ɗan ja. Na ce masa ƙarfe irin wannan ba ya son gumi, ba ya son raɓa, ba ya son fatar da ta sha damshi. Na koya masa ya riƙa goge ta da busasshen tsumma, ya ɗiga mata man keken ɗinki, ba man gyaɗa ko man shanu ba, don su yashi suke kamawa. Ya ji, yana yi. Har zuwa nan ba ni da abin da zan zarge shi da shi.

Sai kawunmu ya shigo cikin maganar. Ƙanen mahaifiyarmu ne, tsohon maharbi, wanda duk yankinmu ake girmamawa. Yana da bindigar toka da ya fi shekara talatin yana yawo da ita. Wata la'asar ya zo zauren yayana, ina nan, akwai kuma maƙwabta biyu masu gona kusa da tamu a tudu. Ya ce a nuna masa abin da ake ta faɗa. Ya juya ta, ya jinjina, ya yaba. Sannan ya ajiye ta ya girgiza kai.

"Ɗana, wagga bindiga tsirara take," in ji shi. "Mutanen dajin ga da kaka gani, suna da abin ɗaure bakin bindiga. Ka ja kunama ka ji shiru. In ba a jiƙa ta ba, icce na kaka riƙe da shi."

Wannan al'ada ce ta maharbanmu tun kaka da kakanni. Sabuwar bindiga ba ta shiga daji sai an tsoma ta a jiƙon magani, don kada wani ya ɗaure mata baki. Ana haɗa saiwoyi da ɓawon itatuwa, a sa tsamiya, a sa gishirin balma, a nutsa ta a tukunya ta kwana uku. Na sha ganin ana yi, ban taɓa damuwa ba. Bindigar toka bututu ce kawai da ƙota. In ta fito daga ruwa ka shanya ta a rana, ka zura tsumma a sanda ka bi cikinta, shi ke nan. In ta yi tsatsa ma ba ta fasa tashi. Ni nake gyara wa kawu tasa, na san cikinta kamar yadda na san cikin ɗakina. Amma wannan cikinta cike yake da ƙananan sifirin, wato murɗaɗɗun wayoyin ƙarfe, da wata 'yar allura da ke dukan gindin harsashi, kowanne a cikin ramin da ko gashi ba zai wuce ba. Ruwa in ya shiga can, babu ranar da za ta bi shi ta fito da shi.

Na ce, "Kawu, a yi haƙuri. Wagga ba irin taka ba ta. Tsamiya na cinye baƙin da ag ga jikinta, gishiri kuwa na kiran ruwa. Cikinta za shi ruɓewa."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Tawa ba ƙarhe ba ta? Ko kai kaf fara ƙira ga duniya? Tun ba a haihe ka ba nika jiƙa bindiga."

Na ce, "Ai taka ba ta da..."

Yayana ya katse ni. "Maƙeri, ya isa hakanan."

Na yi shiru. A wurinmu in wa ya ce ya isa a gaban mutane, ƙane ba ya ƙara ko kalma, balle ga kawu a zaune. Haka aka rene mu, kuma ina alfahari da wannan tarbiyya har ranar. Yau in na tuna shirun nan, ji nake kamar in ɗauki masaba in rushe zauren. Na san gaskiya sarai, ba zato nake ba. Sana'ata ce, gadona ne. Amma na sunkuyar da kai ina wasa da bakin tabarma don kada a ce ba ni da kunya.

Aka cire harsasan aka ajiye gefe, aka nutsa bindigar a tukunya a bayan rumbun yayana. Kwana uku tana ciki. Sharuɗɗan kawu su suka ƙarasa kashe ta. Ba a goge ta, don kada a goge maganin. Ba a shafa mata mai, don mai yana toshe shi. Ba a harba ta sai ranar buƙata, don maganin yana fita da hayaƙin farko. A inuwa aka shanya ta, aka mayar da harsasan, aka naɗe ta a baƙin tsumma, aka cusa a gidan fata, ga damina ta kankama. Ko maƙiyi aka ba kwangilar lalata ta, iyakar abin da zai tsara ke nan.

Bayan kamar mako biyu na same shi shi kaɗai a gida, na roƙe shi ya nuna mini. Baƙin nan mai sheƙi ya tafi, ta koma toka-toka da ɗigon ja ko'ina. Na kama samanta zan ja baya in ji yadda take tafiya, na ji ta cije. Kafin in ƙara ƙarfi ya fizge ta.

"Ɗebe hannunka, kak ka ɓata min magani."

"Yaya, ba ni ita safiya guda. In buɗe, in wanke, in maido ma. In kana so Kawu shi tofa mata addu'a daga waje."

"Kai ƙarhe kaɗai kas sani," in ji shi, yana murmushi. "Akwai abin da yaf fi ƙarhe."

Ni ma na yarda akwai. Amma Wanda ya fi ƙarfe ai Shi ya halicci tsatsa, kuma bai ce za ta ƙyale kowa ba. Ban faɗa masa haka ba. Na je wurin tela na samo 'yar kwalbar man keke, na kai wa matar yayana, na ce ta lallashe shi in ya huce. Ta karɓa ta ce za ta gwada. Daga nan na koma maƙera, na ce wa raina na yi iyakar ƙoƙarina. Ƙarya nake yi. Na san inda yake rataye ta in zai yi wanka. Da na ɗauke ta na gudu da ita maƙera, iyaka ya yi fushi da ni wata guda.

Ya shuka gonar tudu. Ya yi noman fari, babu abin da ya faru. Maƙwabtan nan biyu da suka ga yana zuwa yana dawowa, su ma suka koma nasu gonakin, suna cewa ai akwai mai ƙarfe a kusa. Gari ya ɗauka cewa maganin kawu ne ke aiki. Yayana ya riƙa biyowa ta maƙera da yamma, ƙafafunsa duk jar ƙasar tudu, yana ba ni labarin yadda geron ya yi baƙi ƙirin don kyau. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na wannan damina ba, kuma ba zan ɓoye ba, ni ma na fara lissafin damman da za mu ɗauko.

Ranar da abin ya faru, shi da maƙwabtan suna maimai ne, wato noma na biyu, gero ya kai ƙirji. Ina maƙera da hantsi ina wasa bakin wata garma, sai na ji harbi daga wajen tudu. Na san muryar manyan bindigogin nan, duk mun san ta. Na saki magagari na tsaya ina saurare. Ina jiran wata murya daban, gajera mai kauri, wadda na ji sau biyu a cikin kwari. Na jira, na jira. Ban ji ta ba ko sau ɗaya.

Maƙwabtan biyu suka iso gari a guje, ƙaya ta yayyage su, babu wanda ya ji rauni a cikinsu. Su suka ba mu labari. Sun ji ƙarar babura daga gabas, suka yi wa yayana ihu a gudu. Suka sunkuya cikin gero suka nufi kwarin. Yayana ya fi su kusa da kwarin, kuma ya fi su sauri, kowa ya san haka. Amma bai gudu ba. Ɗayansu da ya kai bakin gaɓa ya waiwaya, ya hango shi tsaye a tsakiyar kunya ya miƙa hannu da bindigar. Ya ga ya sauke hannun, ya kama saman bindigar da hannu biyu yana ja, yana dukan ta da tafin hannu, ya sake miƙawa. Daga nan shi ma bai ƙara tsayawa kallo ba.

Da azahar muka tara maza muka tafi da amalanken jaki. Mun same shi a inda aka ce, rai ya yi halinsa. Sun tafi da babur ɗinsa, da takalmansa, da goran furarsa, har garmar da na ƙera masa sun ɗauka. Mutanen da ba sa barin ko kaza a gari. Bindigar kuwa tana yashe a cikin kunya, taku kaɗan daga inda yake. Da gani wani ya ɗauka ya gwada, ya ga ba ta da amfani, ya jefar. Na tsince ta na sa a aljihu, ta ja mini riga gefe ɗaya har muka iso gida.

Washegarin jana'iza na rufe kaina a maƙera da ita. Sai da ta wuni a kananzir, na yi ta bugu da guntun itace, kafin samanta ya yarda ya motsa. Cikinta ja wur, kamar an zuba garin jar ƙasa. Babban sifirin ya karye a hannuna. Allurar ta manne a raminta, sai da na sa awartaki. Harsashin da ke baki na fito da shi lafiyayye, gindinsa sumul, ko alamar taɓawa babu. Na zauna ina kallonsa a tafin hannuna har wutar maƙera ta mutu.

Ranar sadakar uku zaure ya cika. Bayan an yi addu'a an shafa, kawu ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Na hwaɗa muku suna ɗaure bakin bindiga. Ga shi kun gani. Nasu ya hi namu ƙarhi. Da mun sani, da kwana bakwai munka yi mata." Mutane suka gyaɗa kai, ana Allah Ya kyauta. Sai na ji wani a gefena ya matsa kusa da kawu, ya rage murya, yana cewa ƙanensa ma ya samo irinta, yaushe za a kawo a jiƙa.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na je maƙera na kwaso ƙarafan a faranti, na dawo na dire shi a tabarma gaban kawu, har tsatsar ta zuba a kan rigarsa.

"Ga wanda yaɗ ɗaure mata baki nan, Kawu," na ce. "Ba mutanen daji ba na. Mu na. Tsamiyarka ta, da gishirinka, da tukunyag gidanmu. Duba da kyau! Wagga layar wa ta? Tsatsa ta! Kwana bakwai? Ka yi mata arba'in in kana so, ka kashe wani ɗan mutane!"

Aka taso aka riƙe ni. Wasu na cewa zafin rashi ne, wasu na cewa ban da tarbiyya, a gaban gawar da ba ta huce ba. Kawu ya sunkuya kan farantin. Ya ɗauki karyayyen sifirin yana juyawa, hawaye na bin gemunsa. Shi ya goyi yayana a kafaɗa yana ƙarami, na san yana son sa. Wannan bai rage mini fushi ba a ranar, kuma har yau bai rage ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na iya ɗaga murya a ranar da ba ta da sauran amfani. Akwai gidajen da har yanzu ba sa kawo mini gyaran garma saboda abin da na yi wa kawu, kuma na ji an ce wancan mutumin bai fasa kai bindigar ƙanensa a jiƙa ba.

Bayan mutane sun watse, matar yayana ta aiko a kira ni. Tana cikin takaba, don haka a bakin ƙofar ɗakinta na tsuguna, labule a tsakaninmu. Ta turo 'yar kwalbar man keken nan ta ƙarƙashin labulen. A cike take, ko murfin ba a taɓa ba. Ta ce sau uku tana yi masa magana yana cewa ta bari.

Sannan ta ce, "Maƙeri, ina son ka gaya min gaskiya. Da an goge ta, da ya dawo?"

Na yi tunanin abin da zan ce. Na tuna yawan sawun baburan da na gani a gonar, da irin bindigogin da ke hannunsu. Mutum ɗaya da bindigar hannu, komai kyanta. Da ta tashi, da wataƙila ya kayar da ɗaya, ko biyu, sannan su gama da shi, su biyo gari su huce a kanmu. Na kwana uku ina zagin tsatsa da tukunya da kawu, amma da ta tambaye ni sai na ga ba su ne farkon abin ba.

Na ce, "A'a. Ko da ta tashi, ba shi dawowa. Da dai ba shi da ita, da ya ruga tare da su. Da ma bai tai gonab ba."

Ina jin kukan awaki a bayan gida, da muryar mata suna wanke kwanonin sadaka.

"Rad da yak kawo ta, ya aje igiyas san da yab bada nan bakin ƙohwa," in ji ta. "Yac ce min in kac ce a'a, da igiyag ga za shi komawa shi jawo sanai. Ina ta roƙon Allah ka ce a'a. Sai ga shi ya shigo yana dariya, yana hwaɗin Maƙeri ya ce bai taɓa ganin ƙarhe mai kyau awa wanga ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Na duba gefen ƙofar, igiyar tana nan rataye a ƙusa. Na ɗauki kwalbar na tashi.